Kimiyyar Da Ke Cikin Sauya Lasifikar Gaban Tsohuwar Motar Gudu

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka da Turai akwai mutanen da suka ɗauki adana tsofaffin motoci tamkar yadda ake adana tsofaffin littattafai da kayan tarihi. Daga cikin waɗanda aka fi ji da su akwai ƙananan motocin gudu masu kujera biyu, waɗanda aka ƙera a shekarun 1950 da 1960. Mai irin wannan mota yakan so kowane sashe nata ya yi aiki yadda maƙera suka tsara tun farko, har da rediyonta. To, ɗaya daga cikin abubuwan da ke saurin gazawa a harkar rediyon shi ne lasifikar da ke kan dashbod, wato allon nan na gaban direba inda agogunan mota suke.

Idan aka dubi aikin sauya wannan lasifika a sama-sama, sai a ce ai kwance noti huɗu ne da haɗa waya biyu. Amma wanda ya shiga aikin ba tare da sanin ƙa'idojinsa ba yana iya ƙona rediyon da aka daina ƙera irinsa fiye da shekara hamsin da suka wuce, ko ma ya jawo wa motar gobara. Wannan maƙala za ta ɗauki mota guda a matsayin misali, wato Chevrolet Corvette ta shekarar 1963 zuwa 1967, domin nuna wa ɗalibai da malamansu yadda darussan maganaɗisu da lantarki da sauti, waɗanda ake koyarwa a aji, suke haɗuwa a cikin wannan ƙaramin aiki.

Motar Da Muka Ɗauka Misali

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara fitar da Corvette a shekarar 1953, a garin Flint na jihar Michigan, kuma guda 300 kacal aka ƙera a wannan shekara. Zubi na biyu, wanda aka yi wa laƙabi da Sting Ray, ya fito daga 1963 zuwa 1967, kuma a birnin St. Louis aka riƙa harhaɗa shi.

Abin da ya bambanta wannan mota da yawancin motocin zamaninta shi ne gangar jikinta. Maimakon ƙarfe, an yi ta da faiba, wato zaren gilashi da aka cakuɗa da wani irin ƙaro na roba ya daskare. Faiba ba ta da nauyi kuma ba ta tsatsa, sai dai ba ta ɗaukar wutar lantarki. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa a gaba.

Rediyon motar ƙirar Delco ne, wanda a lokacin wani reshe ne na kamfanin General Motors, kuma an girka shi a tsaye a tsakiyar gaban motar. Lasifikarsa guda ɗaya ce, mai siffar ƙwai, inci 6 a faɗi da inci 9 a tsawo, wato kimanin santimita 15 da santimita 23. Tana maƙale a ƙarƙashin wata raga a saman dashbod, fuskarta na kallon gilashin gaba. Wannan tsari na lasifika ɗaya a tsakiya shi ne ruwan dare a wancan zamani. Alal misali, Ford Mustang ta 1965 da 1966 ma haka take, sai dai tata inci 4 ce da inci 10. Ke nan tun daga girma da siffa, kowace mota da irin tata.

Yadda Lasifika Take Aiki

Sauti motsin iska ne. Idan makaɗi ya bugi ganga, fatar gangar takan yi rawa gaba da baya, ta ture iskar da ke kusa da ita, wannan kuma ta ture ta gaba da ita, har motsin ya isa dodon kunne. Yawan kaɗawar fatar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ke sa sauti ya zama mai kauri ko siriri. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Aikin lasifika shi ne ta yi abin da fatar ganga take yi, amma da wutar lantarki a madadin makaɗi.

Tushen wannan ilmi ya faro ne a shekarar 1820, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Hans Christian Oersted ya lura cewa idan wutar lantarki ta bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da wayar takan karkata. Ma'anar haka ita ce, wayar da lantarki ke bi ta cikinta takan zama maganaɗisu. Idan aka naɗe wayar zagaye-zagaye ta zama kwayil, ƙarfin maganaɗisun yakan ƙaru. Idan kuma aka juya alƙiblar lantarkin, kawunan maganaɗisun su ma sukan juya. A shekarar 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarin lasifikar da ta dogara da wannan ƙa'ida, kuma tsarin nasu ne ake bi a yawancin lasifikoki har yau.

Sassan lasifika biyar ne. Na farko, maganaɗisu na dindindin da ke bayanta. Na biyu, kwayil na siririyar wayar jan ƙarfe, wanda yake zaune a cikin wani ƙunƙuntaccen rami zagayayye a tsakiyar maganaɗisun, ramin da faɗinsa bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Na uku, faifan takarda mai siffar mazurari, wanda aka manne kwayil ɗin a gindinsa. Na huɗu, wani ƙyalle mai nanniƙe a wuyan faifan, tare da lausasan gefen faifan, waɗanda suke riƙe kwayil a tsakiyar rami kada ya gogi ƙarfe. Na biyar, firam na ƙarfe wanda ya haɗa su duka.

Rediyo yakan aiko da lantarkin da ke sauya alƙibla daidai da muryar mai magana ko kiɗa. Idan lantarkin ya bi ta wannan hannu, maganaɗisu ya ture kwayil waje; idan ya juya, ya jawo shi ciki. Faifan takarda yana bin kwayil duk inda ya yi, shi kuma yana tura iska. Haka muryar da aka yi a gidan rediyo mai nisan ɗaruruwan kilomita take sake fitowa a cikin mota.

Me Ya Sa Ta Kan Dashbod Ta Fi Saurin Lalacewa?

Babu wurin da ya fi saman dashbod wahala a cikin mota. Hasken rana yana ratsa gilashin gaba, ya sauka a kan dashbod mai duhun launi, ya rikiɗe ya zama zafi, gilashin kuma ya hana iskar da ta ɗau zafi fita. Motar da aka ajiye a rana a rufe, zafin saman dashbod ɗinta yana iya wuce digiri 70 a ma'aunin Selsiyos. Da dare kuma wurin ya huce. Wannan zafi da sanyi na yau da gobe yakan busar da takardar faifan har ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye, ya kuma kashe gam ɗin da ya riƙe kwayil.

Bugu da ƙari, tun da fuskar lasifikar sama take kallo, ta zama tamkar ƙwarya a buɗe. Ƙura da yashi da matattun ƙwari suna faɗawa ta raga su taru a cikinta. Motar da ake janye rufinta kuwa, raɓa da yayyafi ma suna samun hanya. Takarda takan sha danshi ta kumbura, ta bushe ta motse, daga nan sai faifan ya karkace, kwayil ya fara gogar gefen raminsa. Mafi muni shi ne ɓarɓashin ƙarfe, domin maganaɗisu yakan janyo shi kai tsaye cikin ramin, kuma fitar da shi yana da wuyar gaske.

Tabbatar Da Cuta Kafin Magani

Rediyon da ya yi shiru ba lallai ne lasifikarsa ta mutu ba. Laifin yana iya zama na fiyus, ko na eriya, ko na wayar da ta tsinke, ko na rediyon kansa. Saboda haka ana fara bincike ne da kunne. Sautin da ke zizar kamar ƙudan zuma, musamman idan an ƙara murya, alama ce ta yagaggen faifai ko tarkace a cikinsa. Sautin da ke ƙarce-ƙarce kuma alama ce ta kwayil mai gogar ƙarfe.

Bayan an fitar da lasifikar, akwai gwaji uku masu sauƙi. Na farko, a ɗora yatsu kewaye da tsakiyar faifan a danna a hankali. Lafiyayyen faifai zai shiga ya fito babu ƙara. Na biyu, a ɗauki batirin tocila mai folt 1.5, a taɓa kawunansa da kawunan lasifikar na ɗan ƙiftawar ido. Idan kwayil na da rai za a ji "ƙas", a kuma ga faifan ya motsa. Na uku, a auna turjiyar kwayil da mitar awon lantarki. Idan mitar ba ta nuna komai ba, wayar kwayil ta tsinke.

Batun Turjiya: Inda Aka Fi Yin Ɓarna

Kowace waya tana turje wa lantarkin da ke bi ta cikinta, kuma ana auna wannan turjiya da ma'aunin om, don tunawa da Bajamushen masani Georg Ohm, wanda ya wallafa dokarsa a 1827. Dokar ta ce: yawan lantarkin da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfiya, daidai yake da ƙarfin turi, wato folt, idan aka raba shi da turjiya. Idan turjiya ta ragu, kwarara ta ƙaru.

Yawancin lasifikokin mota da ake sayarwa a yau masu om 4 ne. Rediyon Delco na shekarun 1960 kuwa an tsara shi ne domin lasifika mai kimanin om 10. Bari mu yi lissafi. A ɗauka rediyo ya tura folt 5 a wani lokaci. Lasifika mai om 10 za ta ja amfiya 0.5, wato 5 a raba da 10. Mai om 4 kuwa za ta nemi amfiya 1.25, wato ninki biyu da rabi. Ita kuma zafin da kwararar lantarki ke haifarwa a cikin waya ba ninki biyu da rabi zai ƙaru ba, domin yana tafiya ne da kwarara sau kwarara: 2.5 sau 2.5 ya ba da 6.25. Rediyon da aka ɗora wa irin wannan kaya, ko dai ya kasa biyan buƙata sauti ya dagule, ko kuma sassansa su shiga wahalar da ba a gina su dominta ba.

Sashen da ya fi shiga haɗari shi ne tiransiston ƙarshe, wanda yake ba lasifika ƙarfi. An ƙirƙiro tiransisto a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947, kuma na farko-farko da sinadarin jameniyam aka yi su, kafin silikon ya maye gurbinsa. Tiransiston ƙarshe na waɗannan rediyoyi na jameniyam ne, wanda ba ya jure zafi kamar silikon. Yana da wata mummunar ɗabi'a: idan ya yi zafi yakan bar lantarki ya ƙara wucewa, ƙarin lantarkin ya ƙara masa zafi, haka dai har ya ƙone. Samun madadinsa a yau ba ƙaramin aiki ba ne.

A nan ya kamata a lura da wani abu game da awo. Adadin om da ake rubutawa a jikin lasifika na lantarki mai sauya alƙibla ne, mitar hannu kuwa da lantarki mai alƙibla ɗaya take awo. Don haka abin da mita za ta nuna yakan gaza abin da aka rubuta. Lasifika mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 3.5, mai om 8 kuma tsakanin 6 da 7. Wannan ba alamar lalacewa ba ce.

To, mece ce mafita? Hanya mafi inganci ita ce a nemi sabuwar lasifika mai om 8 zuwa 10, kuma akwai kamfanonin da ke ƙera irinta musamman domin tsofaffin motoci. Hanya ta biyu ita ce lasifika mai kwayil biyu a faifai guda, kowanne om 4. Idan aka haɗa su a jere, wato wutsiyar wannan da kan wancan, turjiyarsu takan taru ta zama om 8. Idan kuwa aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, wutsiya da wutsiya, sai ta faɗo om 2, wanda ya fi na farkon haɗari. Wasu sukan saka resisto mai om 6 a jere da lasifika mai om 4 domin jimla ta kai 10. Rediyon zai tsira, amma kashi 6 cikin 10 na ƙarfinsa zai tafi a banza wajen ɗumama resiston, alhali dama ƙarfin nasa ƴan wat kaɗan ne.

Akwai kuma wani abu na musamman ga Corvette ta wannan zamani. A jikin firam ɗin lasifikarta ta asali an ɗaure wani ɗan dunƙulen kwayil mai zuciyar ƙarfe, mai kama da ƙaramar tiransifoma. Wannan dunƙule wani ɓangare ne na da'irar rediyon. Aikinsa shi ne ya ba lantarki mai alƙibla ɗaya hanya mai sauƙi ya wuce, ya kuma tare lantarki mai ɗauke da sauti ya tilasta masa bi ta lasifika. Wanda ya jefar da tsohuwar lasifika tare da wannan dunƙule, ya haɗa sabuwa kai tsaye, ya bar lantarki mai alƙibla ɗaya yana bi ta siririyar wayar kwayil, yana ɗumama ta, yana kuma ture faifan gefe guda. Wajibi ne ko dai a mayar da dunƙulen kan sabuwar, ko a sayi wadda ta zo da nata. Haka kuma ba a kunna irin wannan rediyo alhali ba a haɗa masa lasifika ba, domin hakan ma yana iya halaka tiransiston.

Yawan Wat Ba Shi Ne Ƙarfin Murya Ba

Mutane da yawa sun ɗauka lasifikar da aka rubuta wa wat 200 ta fi mai wat 15 ƙara. Adadin wat yana nuna iyakar abin da lasifika za ta iya jurewa ne kafin ta ƙone. Lasifika mai jure wat da yawa takan zo da kwayil mai kauri da faifai mai nauyi, waɗanda ƙaramin rediyo zai sha wuya kafin ya motsa. Abin da ya dace a duba shi ne yawan sautin da take bayarwa idan an ba ta wat ɗaya, wanda ake aunawa da desibel. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninki biyu na ƙarfi. Wato lasifika mai desibel 87 sai an ba ta wat 2 kafin ta yi ƙarar da mai desibel 90 za ta yi da wat 1. Ga tsohon rediyo, faifan takarda marar nauyi ya fi dacewa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai batun maganaɗisu da sarari. Lasifikokin shekarun 1960 da yawa suna da ɗan ƙaramin maganaɗisu na alniko, wato gaurayen ƙarfe da alminiyam da nikel da kobalt. Daga baya aka koma ga maganaɗisun ferait, baƙin zobe mai arha amma mai girma da nauyi. Bayan dashbod kuwa wuri ne mai ƙunci, ga rediyo, ga agogo, ga bututun iska, ga wayoyi. Sau da yawa lasifika mai ƙaton maganaɗisu ba ta shiga. Abin da ya kawo sauƙi shi ne maganaɗisun niyodimiyam, wanda kamfanin General Motors da kamfanin Sumitomo na Japan suka bayyana a 1984, kowanne ta hanyar bincikensa. Ƙarami ne amma ƙarfinsa ya ninka na ferait sau da dama. Duk da haka, a auna zurfin wurin da tazarar ramukan noti kafin a sayi komai.

Matakan Aikin

Mataki na farko shi ne cire kan batir. Batirin mota folt 12 ne kawai, ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda idan waya biyu suka haɗu, abin da ya isa ya narkar da waya ko ya mayar da zobe garwashi a yatsa. Don haka a cire zobe da agogon hannu. Ana fara kwance kan da aka haɗa da ƙarfen motar ne. Dalili kuwa, idan sifana ta taɓa ƙarfen mota alhali tana kan wannan kai, babu abin da zai faru, tun da dama a haɗe suke. Da zarar an cire shi, da'ira ta yanke, ɗayan kan ma ya zama babu haɗari. A Corvette, kan mai alamar ɗebewa (−) ne ke haɗe da ƙarfe. Amma a kula, wasu tsofaffin motocin Ingila, irin su MGB kafin ƙarshen 1967, kan mai alamar tarawa (+) ne ke haɗe da ƙarfe.

Mataki na biyu shi ne buɗe hanya. Ta ƙasan dashbod ake isa ga lasifikar, kuma yawanci sai an kwance murafun gefe an zare rediyon. Kafin a zare kowace waya, a ɗauki hotonta ko a zana ta, a manna mata alama. Robar da ta lulluɓe wayar da ta haura shekara hamsin takan bushe ta tsattsage, saboda haka ba a fizgarta, ba a kuma lanƙwasa ta da ƙarfi. Duk wadda aka ga ta kware, a sauya ta.

Mataki na uku, a kwance notocin da ke riƙe da lasifikar, hannu ɗaya na tallabe da ita. A ajiye notoci da washoshi a cikin gwangwani, nesa da maganaɗisu. A share wurin da kyau, kada a bar ɓarɓashin ƙarfe.

Mataki na huɗu, a gwada sabuwar kafin a ɗaure ta. Gwajin batirin tocila yana nuna wane kai ne na tarawa: idan faifan ya turo waje, kan lasifikar da ya taɓa kan tarawa na batirin shi ne na tarawa. Idan lasifika ɗaya ce, juya wayoyin ba ya sauya abin da kunne ke ji. Amma idan biyu ne, ko kuwa mai kwayil biyu ce, aka juya ɗaya, to wannan na turawa wancan na ja, sauti mai kauri ya ɓace.

Mataki na biyar, a haɗa wayoyi da dalma ko da ƴan maƙalai masu kama waya gam, a rufe mahaɗin. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba ya ɗorewa a motar da ke jijjiga. Tsohuwar dalma tana da guba, don haka a yi aikin inda iska ke shiga, a kuma wanke hannu bayan an gama.

A nan ne batun faiba yake dawowa. A motar ƙarfe, gangar jiki ita ce hanyar da lantarki ke bi ya koma batir, abin da masu riwaya ke kira ba da bodi. A Corvette kuwa, wanda ya ɗaure wayar bodi a jikin faiba bai haɗa ta da komai ba. Dole ta tafi ga ƙarfen da ke kewaye da ɗakin motar ko ga wayar da maƙera suka tanada. Saboda wannan dalili ne ma aka lulluɓe sassan wutar injin motar da murafun ƙarfe, domin faiba ba ta tare hayaniyar lantarkin da tartsatsin fulogi ke watsawa, wadda rediyo ke kamawa kamar ƙarar soya mai. Wanda kuma ya zaɓi saka rediyon zamani ya sani cewa yawancinsu ba su yarda a haɗa ko ɗaya daga cikin wayoyin lasifika da bodi ba. Yin hakan yana lalata su.

Mataki na shida, a ɗaure notoci ƙetare-ƙetare, kaɗan-kaɗan, ba tare da matsawa fiye da kima ba. Firam ɗin da ya lanƙwashe ko da kaɗan ne yana karkatar da kwayil. Daga nan a mayar da rediyo, a haɗa eriya, a mayar da kan batir, a kunna da ƙaramar murya.

Dalilin Toshe Gefen Lasifika

Tsakanin bakin lasifika da dashbod akwai wani zobe na kwali ko soso, wanda wasu ke ɗauka ado ne su yar. Yana da muhimmin aiki. A duk lokacin da faifai ya turo gaba, yana matsa iskar gabansa, yana kuma sassauta ta bayansa. Idan akwai kafa a gefe, iskar da aka matsa takan zagaya ta cike gurbin baya, motsin ya mutu a nan bai isa kunne ba.

Wannan ya fi shafar sauti mai kauri, kuma lissafi zai nuna dalili. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa a cikin iska mai zafin digiri 20. Tsawon igiyar sauti shi ne gudun a raba da yawan kaɗawa. Sauti mai kaɗawa 100 a daƙiƙa tsawon igiyarsa mita 3.43 ne, ya ninka faɗin lasifikar sau da yawa, saboda haka iska na da isasshen lokacin zagayawa. Mai kaɗawa 5,000 kuwa tsawonsa bai kai santimita 7 ba, yakan fice gaba kai tsaye. Shi ya sa lasifikar da aka riƙe a hannu take ƙara siririya kamar ta gwangwani. Idan aka ɗaure ta da zobenta, dashbod ɗin gaba ɗaya yakan zama katangar da ta raba gaba da baya. Shi kuma gilashin gaba, da yake a karkace yake, yana mayar da siririn sauti wajen direba da fasinja kamar yadda madubi ke mayar da haske.

A Gyara Ko A Sauya?

Ga motar da ake nunawa a wuraren gasar tsofaffin motoci, inda alƙalai ke duba ko kayan na asali ne, akwai hanya ta uku. Ƙwararru sukan cire ruɓaɓɓen faifai da kwayil, su bar firam da maganaɗisu, su manna sababbi. Ko da an zaɓi sabuwar lasifika, hikima ce a adana tsohuwar a busasshen wuri, kada kuma a yanka dashbod ko a huda sabon rami domin wadda ba ta dace ba ta shiga. Abin da aka yanke ba ya komawa, kuma yana rage darajar motar.

Gwaje-gwaje Domin Aji

Malami ba ya buƙatar Corvette kafin ya nuna waɗannan ƙa'idoji. Tsohuwar lasifikar rediyo ta wadatar. Na ɗaya, a kwantar da ita fuskarta sama, a zuba ƴan ƙwayoyin gero a kan faifan, a taɓa ta da batirin tocila, ɗalibai su ga geron ya yi tsalle. A juya batirin su lura da alƙiblar motsin. Na biyu, a haɗa ta da ƙaramin rediyo, a saurara, sannan a huda rami daidai girmanta a tsakiyar babban kwali a ɗora ta, a sake saurara, su faɗi bambancin. Na uku, a naɗe siririyar wayar jan ƙarfe mai fenti kamar zagaye 50, a manne ta a gindin kofin takarda, a kankare fentin bakunanta, a kusantar da maganaɗisu, a taɓa da batir. Za a ji kofin ya yi ƙara. Na huɗu, ɗalibai su lissafa jimlar turjiyar lasifika biyu masu om 8 a jere da kuma kafaɗa da kafaɗa, sannan su tabbatar da mita. Kada a kuskura a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan da wutar gida.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa tambayoyi huɗu ne ke gaban mai sauya lasifikar tsohuwar mota: shin girmanta da zurfinta sun dace da wurin, shin turjiyarta ta dace da rediyon, shin ƙaramin ƙarfin rediyon zai iya motsa ta, shin kuma an toshe gefenta. Amsar kowace tana cikin darasin da ɗalibin sakandare ya riga ya sani, daga binciken Oersted zuwa dokar Ohm da lissafin tsawon igiyar sauti. Waɗannan ƙa'idoji ba su san tsadar mota ba. Yadda suke aiki a Corvette ta 1963 haka suke aiki a rediyon da ke teburin mai gyara a kasuwa. Ɗalibin da ya saba da aunawa da lissafi kafin ya ɗauki sifana, ya kama hanyar zama injiniyan da za a iya damƙa wa abu mai daraja.